Falwaya Ɗaya, Lambobi Biyu

Abubuwa da yawa sun same ni tun da na zo Dubai, wasu na manta da su tun kafin shekara ta zagayo. Amma ranar da na tsaya a gindin wata falwaya a bakin teku, ni da wani dattijon Bature, muna gardama a kan inda falwayar take, wannan kam ko tsufa ya cim mini ba na jin za ta fita daga raina. Duk wanda na fara ba labarin sai ya yi dariya, ya ce ta yaya za a yi gardama a kan wurin abin da kowa ke gani da idonsa. To, bari in faro daga farko.

Ni Bakanuwa ce, ilimin taswira na karanta. Aure ne ya kawo ni nan, don maigidana yana harkar kago a unguwar Al Sabkha, shi ke haɗa wa 'yan kasuwarmu kaya a kwantena ya tura musu gida. Na daɗe a zaune ina neman aiki, har na fara fid da rai, kafin wani kamfani ya ɗauke ni. Kamfanin na masu kula da muhalli ne. Idan za a yi babban aiki a gaɓar teku, su ake kira su duba abin da ke cikin ruwan, su faɗi inda za a taɓa da inda ba za a taɓa ba. Nawa aikin shi ne in zauna gaban kwamfuta in zuba duk abin da aka gano a kan taswira. Lokacin da abin nan ya faru ban gama watannin gwaji ba, wato kowace safiya ana iya ce min an gode, in koma gida.

Aikin da aka ba mu can gaba da tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali yake. Za a haƙa doguwar hanya a ƙasan teku a shimfiɗa bututu, kuma kamfani uku ne a kai. Akwai mu masu muhalli, akwai masu awon zurfin ruwa, sai kuma masu jirgin yasa, wani ƙaton jirgi da ke kwasar yashi da laka daga ƙasan teku kamar yadda ake yashe rijiya. A daidai inda bututun zai bi kuwa akwai murjani. Kafin in zo ƙasar nan na ɗauka murjani dutsen ado ne kawai da iyayenmu ke sawa a wuya. Ashe abu ne mai rai, a ƙarƙashin ruwa yake tsirowa, a hankali ƙwarai, kuma a cikinsa ƙananan kifaye ke fakewa har su girma. Saboda haka kafin a fara haƙa, masu nutson kamfaninmu suka yi watanni suna ciro shi ɗaya bayan ɗaya, suna kai shi wani wuri da aka keɓe a gefe, suna dasawa layi-layi kamar kunyoyin gona.

Shugaban masu nutson wani dattijo ne Bahaushen Gana, ɗan zangon Kumasi. Kansa ya yi fari fat, hannunsa duk ruwan gishiri ya tsattsage shi. Ranar da ya ji ina waya da Hausa a ofis, sai da ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo ya tsaya a kaina yana murmushi. Hausarsa irin ta can ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a bakinsa. Da farko abin yana ba ni dariya, daga baya na saba. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce min 'yata. Wurin da suka dasa murjanin kuwa bai taɓa kiransa da wani suna ba sai "gonata".

Ga inda matsalar take. Kowane kamfani cikin ukun nan yana da taswirarsa, kuma kowa ya ƙanƙame tasa kamar asirin gidansu. Idan ka nemi bayani, sai a turo maka hoton taswira, an yi masa launi mai kyau, an buga hatimi. Amma ainihin lambobin da ke nuna wurin kowane abu, waɗanda da su kwamfuta za ta ɗora wannan taswira a kan waccan ta ga ko sun dace, waɗannan ba mai ba ka. A hoton da masu jirgin yasa suka turo mana, wurin da za su jefa anka, wato manyan ƙugiyoyin ƙarfen da ke riƙe jirgin kada ya motsa, yana can nesa da gonar Baba. Kowa ya duba ya ce lafiya lau. Ni ma na duba na ce lafiya lau.

Wata safiya na roƙi a bar ni in bi masu nutso, don ina so in ga abin da nake zanawa da idona. Aka ɗaura min rigar ruwa a kan hijabina, na zauna a tsakiyar kwale-kwalen na riƙe ƙarfe gam. Muna isa wurin sai na ga Baba ya miƙe tsaye, ya sa hannu ya kare rana daga idonsa. A gabanmu wasu jajayen duro ne na roba a jere suna rawa a kan ruwa. Masu jirgin yasa ne suka sa su, alamar inda anka za ta sauka.

"'Yata," in ji shi, "duba min abin hannunka. Ina muke?"

Na duba na'urar da ke nuna wuri. Ɗigon kwale-kwalenmu yana zaune daram a kan gonar.

"Ko dai idona ne?" ya ce. "Ruwa duk kama ɗaya ne, mutum yana iya ruɗewa."

Bai jira amsata ba, ya ja gilashinsa ya faɗa ruwa. Da ya fito bai hau ba, ya dai riƙe gefen kwale-kwalen yana numfashi, ruwa na zuba daga gemunsa. Ya ce dutsen da aka ɗaura wa igiyar duron yana kwance a tsakiyar layukansa. Ni na san anka ba ƙaramin abu ba ce. Ita da sarƙarta idan suka sauka suka ja ƙasa, ba abin da suke bari a tsaye. Baba ya dube ni ya ce, "Kai ne mai taswira. Ka yi wani abu." Har yau ina jin nauyin maganar nan a ƙirjina.

Ina komawa ofis na shiga wurin oganmu. Balarabe ne mutumin Sham, mai saurin magana da saurin fushi, amma ba mugu ba ne. Ya saurare ni, ya aika wa masu jirgin yasa saƙo nan take. Amsa ta dawo cewa duronsu yana daidai inda aka amince a takarda, idan akwai kuskure to daga wajenmu yake. Oga ya buɗe hannuwa ya ce, "Khalas, shi ke nan. Mun faɗa, sun ji. In abin ya lalace laifinsu ne."

Na ce masa ni ba mai laifi nake nema ba, murjanin nake so ya tsira. Na roƙe shi ya bar ni in ba su lambobinmu su ba mu nasu, in ɗora su wuri ɗaya a ga inda aka saɓa. Nan fa ya tashi zaune. Ya ce ba a yi haka ba, kuma ba za a fara a kansa ba. Ya ba ni labarin wani lokaci da ya taɓa ba wani kamfani bayanan da yaransa suka sha wahala suka tara, bayan 'yan watanni sai ga bayanan a cikin takardar neman kwangilar abokan hamayyarsa, ko kunya babu. "Ya ukhti, 'yar'uwata," in ji shi, "ke sabuwa ce. Ki yi aikin da aka ba ki. Kada ki manta har yanzu gwaji kike." Ban ga laifinsa duka ba, don wanda aka taɓa cuta yana da hujjar yin kaffa-kaffa. Amma hujjarsa ba za ta ɗaga duron nan daga kan gonar ba, kuma an ce jirgin yana gab da matsowa wurin.

Da yamma na kasa cin abinci. Maigidana ya lura, na zayyana masa komai. Da na gama sai ya ce, "Injiniya," haka yake tsokanata, "kin san irin zaman da kika yi kafin ki samu aikin nan. Ba na so ki dawo kina kallon bango." Na ce na sani. Ya ce, "To amma na ga idonki. Ko na ce ki bari ba za ki iya bari ba. Abu ɗaya zan ce, kada ki ɗauki bayanan mutane ki bayar a ɓoye. Nan ƙasar ba a wasa da wannan. Duk abin da za ki yi, ki yi shi a fili." Na yi masa alkawari.

Ina wanke kwanuka sai mahaifiyata ta faɗo min a rai. Idan aka kawo mata hatsi daga kasuwar ƙauye aka ce mudu kaza ne, ba ta gardama da kowa. Sai ta sa a cika mudun can, ta juye a nata, kowa ya ga bambancin da idonsa. Na ce a raina, ai ni ma ba sai an ba ni buhun duka ba. Abu ɗaya nake buƙata wanda mu mun auna, su ma sun auna. Kuma na san shi. A ƙarshen gadar da kwale-kwalenmu ke tashi akwai wata doguwar falwaya mai fitila a kai. Tana cikin taswirarmu, kuma na gan ta a hoton taswirarsu.

Washegari na koma wurin oga na ce lambar falwayar kawai nake so ya yarda in faɗa musu. Falwaya ba asiri ba ce, duk mai wucewa yana ganinta. Ya dube ni kamar zai ce wani abu, sai ya kaɗa hannu ya ce, "Yalla, je ki. Amma in suka kawo ƙararki, ba ni na aike ki ba."

Samun babban injiniyan jirgin yasa ya fi ƙarfin waya. Na kira, aka ce yana ruwa. Na aika saƙo, shiru. Sai na hau jirgin ƙasa, na sauka na hau bas, na ƙarasa da ƙafa zuwa sansaninsu, mai gadi ya ce ba ni da alkawari da kowa, ya mai da ni. Na sake komawa, aka ce ya fita. Lokacin zafi ne, irin zafin nan mai ɗanshi da kake ji kamar an rufe ka da jiƙaƙƙen bargo. Zuwan da na yi na ƙarshe sai na ce wa mai gadin ba komai, ba zan shiga ba, zan jira a nan. Na zauna a inuwar wata motar ma'aikata da ta kwaso su daga unguwar Muhaisnah tun asuba. Mai gadin ya gaji da kallona, ya kawo min kujera da ruwan sanyi, yana girgiza kai.

Can wajen azahar sai ga injiniyan ya fito, dattijon Bature ne dogo, jan fuska, da hular kwano a kai, yana sauri zuwa motarsa. Na miƙe na sha gabansa. Na gaya masa ko ni wace ce. Fuskarsa ta canza, ya ce ai sun riga sun ba mu amsa, kuma shi ya fi shekarun haihuwata yana wannan aiki bai taɓa jefa anka inda ba a ce ba.

Na ce, "Yallaɓai, ban zo in ce ka yi kuskure ba. Ban san wanda ya yi kuskure ba, mai yiwuwa mu ne. Ba na neman taswirarka. Ka ga falwayar can? Ka faɗa min lambarta a wajenku, in faɗa maka lambarta a wajenmu. In sun zo ɗaya, zan ba ka haƙuri a gaban mai gadin nan, kuma ba za ka ƙara ganina ba."

Ina jin wannan na ƙarshen ne ya ja hankalinsa. Ya yi tsaki, ya koma ofis ya ɗauko kwamfutarsa, muka taka har ƙarshen gadar. Ƙarfen falwayar ya yi zafin da ba a iya taɓawa. Muka tsuguna a 'yar inuwarta, na buɗe tawa kwamfutar, ya karanto min lambarsa, na shigar a taswirata. Ɗigon ya fito. Ba a kan gadar ya fito ba, can cikin teku ya faɗa, nesa da inda muke fiye da tsawon filin ƙwallo. Na juya masa fuskar kwamfutar. Ya ce to in ba shi tawa lambar. Ya shigar a tasa, sai ga falwayar ta koma tudu, tana tsaye a tsakiyar wurin ajiye motoci.

Muka ɗaga kai tare muka kalli falwayar. Tana nan inda take, tsuntsun teku ma na zaune a kanta.

Ya tambaye ni da wane ma'auni muke aiki. Na ce da na tauraron ɗan'adam, wanda na'urar masu nutso ke bayarwa. Ya rufe ido. Su nasu zanen an gina shi ne a kan wani tsohon ma'auni da aka yi awon yankin da shi tun da daɗewa. Kowane ma'auni daidai yake a karan kansa, sai dai ba daga wuri ɗaya suke fara ƙirga ba, kuma lambobinsu sun yi kama da juna ƙwarai, yadda in ba a rubuta maka ba ba za ka gane ba. Lokacin da suka ga iyakar gonar a takardar da aka amince da ita, sai suka karanta 'yan lambobin kusurwoyinta da muka rubuta a ciki da ma'auninsu, gonar ta matsa gefe a taswirarsu, wurin da take a gaskiya ya zama fili. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi ganganci. Ba dai wanda ya rubuta a saman takardarsa cewa ga inda na fara awo.

Injiniyan ya zaro rediyonsa daga ƙugu, ya yi wa kyaftin ɗin jirgin magana da wata murya da ban ji ya yi amfani da ita ba tun tsayuwarmu. Ya ce a tsai da komai. Aka amsa daga can, na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya juyo ya ce min, "An riga an jefa ɗaya da safen nan." Safiyar da na yi a zaune a bakin ƙofarsu, a daidai lokacin ƙarfen yake sauka. Na daɗe ina tambayar kaina ko da na tare shi tun zuwan farko da abin bai kai haka ba. Amma sauran ankokin ba su sauka ba, kuma su ne za su bi ta tsakiyar gonar.

Kafin in isa ofis injiniyan ya riga ya kira oganmu. Na tarar da oga a tsaye bakin taga, na ce shi ke nan, yau zan kwashe kayana. Ya juyo ya ce, "Gobe akwai taro, mu da su da masu awon zurfi. Ke za ki yi bayani. Ni ban iya wannan lissafin naku ba."

Kada wani ya ɗauka ganin falwaya ya sa kowa ya buɗe hannu. Taron nan gardama aka sha. Kowa ya yarda a koma ma'auni ɗaya, amma kowa nasa yake so a bi. Masu jirgi suka ce injinansu duk a kan nasu aka saita su. Oganmu ya ce duniya ta ci gaba, ba zai koma ma'aunin kakanni ba. Ana cikin haka sai wakiliyar masu awon zurfi, wata Ba'indiya mai sanyin murya, ta ce tunda an zo nan gara ta faɗa, ko zurfin ruwan ma ba daga wuri ɗaya ake ƙirga shi ba. Su suna farawa daga inda teku ke tsayawa idan ta janye iyakar janyewa, masu jirgi kuwa daga wata alama a tudu.

Sai na miƙe. Na ce kada kowa ya bar nasa. Kowa ya ci gaba da aiki da abin da ya saba a cikin gidansa. Abu biyu kawai nake roƙo. Duk bayanin da zai fita daga wani kamfani zuwa wani, a rubuta a samansa da wane ma'auni aka yi shi, wane ne ya auna, kuma yaushe. Sannan a yi taswira guda ta kowa da kowa, a ma'auni ɗaya, wadda ba za ta wuce iyakar wurin aikin nan ba, kuma a sa hannu cewa ba mai ɗaukar abin da ke ciki ya kai wani wuri. Injiniyan ya ce ya yarda. Ba'indiyar ta ce za ta tambayi manyanta, amma ba ta ga abin ƙi ba. Saura oganmu. Ya juya biro a hannunsa, ya juya, sannan ya ce zai ba da iyakar gonar da wurin kowane layi, amma abin da suka gano game da irin murjanin da yadda yake girma, wannan nasa ne. Na ce hakan ma ya isa. Gaskiya ya isa, don anka ba ta tambayar irin murjani, wurinsa kawai take buƙatar a nuna mata.

Haɗa taswirar ya fi taron wahala. Wani ya rubuta sunan wuri da Larabci, wani da Turanci, wani da lamba kawai. Wani fayil ɗin in ka buɗe sai ka ga rabinsa babu. Ni da Ba'indiyar nan muka zauna kafaɗa da kafaɗa muna bi ɗaya bayan ɗaya, tana kawo shayi mai madara, ni ina kawo mata kilishin da 'yan kasuwa ke kawo wa maigidana tsaraba, tana ci tana hawaye saboda yaji tana ƙara miƙo hannu. Duk abin da muka juya zuwa sabon ma'auni sai mun gwada shi da wurare sanannu a tudu mun ga ya zauna daidai kafin mu wuce. Da taswirar ta haɗu sai ga wani abin da ba wanda ya zata. Sabon wurin da masu jirgi suka zaɓa su mai da ankokinsu, akwai gawar wani tsohon jirgin katako a kwance a ƙasa. Masu awon zurfi sun san da shi tuntuni, ba dai wanda ya tambaye su. Da sarƙa ta maƙale a ciki ta tsinke, Allah kaɗai ya san wanda za ta kwashe a kan jirgin. Daga ranar injiniyan nan ya zama shi ke bin mutane yana tambaya ko sun sa sabon awonsu a taswirar kowa.

Ranar da aka ɗaga ankar da ta riga ta sauka, na sake bin kwale-kwale. Sarƙar ta bi ta kan layin da ke bakin gonar ta niƙe shi. Baba da mutanensa suka yi ta nutso suna fitowa da gutsattsarin a cikin kwando, suna ware masu sauran rai suna sawa a bokitin ruwa. Ni aikina in riƙe bokitin kada ya kife. Ya ɗauko wani guntu da bai fi yatsana ba, ya juya shi a tafin hannunsa. Ya ce wannan shi da kansa ya ciro shi, ya san shi, don reshensa ya karkace kamar ƙahon rago. Na ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, ban yi sauri ba."

Ya dube ni da jajayen idanunsa na mai nutso. "Kai, bar wannan magana," in ji shi. "Juya ka duba can." Ya nuna min sauran wurin, ruwa shuɗi shar, ba duro ko ɗaya. "Duk wannan yana nan. Wanda ya karye kuma, in da rai a jikinsa, zai kama. Miƙo min bokitin." Ya karɓa ya koma ƙasa ya ci gaba da dashe. Wasu sun kama, wasu sun yi fari sun mutu. Haka abin ya tsaya, ba zan ƙara masa gishiri ba.

Watannin gwajina suka ƙare ba wanda ya kira ni ya ce komai, sai dai na ga ana ta turo min aiki. Oga bai taɓa yaba min a baki ba, amma a kwangilar da ta biyo baya shi da kansa ya sa sharaɗin taswirar bai ɗaya, yana faɗa wa mutane kamar dama can ra'ayinsa ne. Ban damu ba. Baba kuwa daga baya ya ajiye nutso ya koma Kumasi wurin jikokinsa.

Abin da na koya shi ne teku ba ta san kamfani ba. Mu ne muke raba ta a takarda, wannan nawa, wancan naka, alhali a ƙasa ruwa ɗaya ne, kuma abin da wani ya sani ya ɓoye, a kan wani yake fashewa. Na kuma koyi cewa mutane uku masu gaskiya suna iya haɗuwa su yi ɓarna, in kowa ya tsaya a kan cewa nasa daidai ne bai leƙa na ɗan'uwansa ba. Idan kuma aka rufe maka ƙofa a kan babban abu, kada ka koma gida ka ce ka yi iyakar ƙoƙarinka. Nemi ƙaramin abin da ba wanda zai ji tsoron ba ka, ka je ka zauna a bakin ƙofar har a fito. Zaman akwai zafi, akwai kunya, wani lokaci ma ba za ka tsirar da komai duka ba. Amma abin da ya tsira, ba don ka zauna ba da shi ma ya tafi.